Layin Da Ya Taru A Bayana

Ba zan taɓa mantawa da ranar zaɓen daliget a garinmu ba, can tsakanin Roni da Gwiwa. Ko na so in manta ma, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Shekarar ce jam'iyyarmu ke shirin babban taron fid da gwani na shugaban ƙasa. Manya biyu sun ja daga, kowa ya ƙi janye wa kowa, sai ga na uku ya ɓullo, mutumin da ba shi da ubangida, sai baki da gaskiya, shi ne gwanina. Aka ce a rediyo in manyan nan suka raba ƙuri'a, daliget ɗin ƙauyuka ne za su raba gardama. Ina jin haka na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni, malamin firamare mai babur ɗin da sai an tura (mai turawar ma ni ne), sai na ji ƙasar nan ni take jira.

Na kafa ƙungiya a rumfar Iliya mai faci. Kullum bayan la'asar ina yi musu bayanin yadda talaka zai kayar da mai kuɗi, suna gyaɗa kai suna shan raken da na saya. Iliya ya ce, "Malam, kai dai fito. Alhaji Garba ya ishe mu haka." Alhaji Garba dillalin hatsi ne a kasuwar Babura, shi ke wakiltarmu tun ina ɗalibi. Kujerarsa nake so, ita ce hanyata ta zuwa Abuja in jefa wa gwanina ƙuri'a.

Ranar zaɓe aka ce ƙato bayan ƙato za a yi: mai nema ya tsaya, masoyansa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. A filin makarantarmu ne, rana ta take. Na ci babbar rigar aurena, na tsaya nesa kaɗan da Alhaji, na rantse wa kaina ba zan waiwaya ba, don waiwaye na mai shakka ne.

Can sai na fara jin takun ƙafa a bayana. Na ji tarin Iliya. Na ji muryoyin 'yan rumfa, na ji har matan unguwarmu suna raha. Wayyo daɗi! Na lumshe ido, sai ga ni a Abuja. Fitilu ko'ina, tutoci na kaɗawa a hankali, manyan nan biyu sun yi kunnen doki suna ta gumi. Aka ce saura ƙuri'a ɗaya, ina malamin nan na Jigawa? Na taso ina tafiya kamar ba na taka ƙasa, gwamnoni suna matsa mini. Gwanina ya rungume ni yana hawaye. Har na fara tunanin ko in karɓi ministan ilimi ko in ce a fara kawo mana kwalta.

"An gama ƙirga!" in ji jami'in da aka turo daga Kazaure.

Ban jira sakamako ba. Na ɗaga hannu biyu sama na kwarara murya, "Jama'a, na gode! Yau talaka ya farka!" Sannan na juyo.

Innalillahi. Ashe layin Alhaji ne ya yi tsawo har fili ya gaza masa, ya lanƙwaso ya bi ta bayana. Ga 'yan rumfata nan reras a ciki, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Sai dariya ta ɓarke. Iliya ya ce a hankali, "Malam, wallahi zuciya na wurinka, ƙafar ce ta ƙi."

Mutum ɗaya ce tak a bayana: Gwaggo Hanne, yayar mahaifina, ta dogara sanda. Kunya ta kama ni, tausayin kaina ya kama ni, idona ya cika. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri. Ke kaɗai kika tsaya mini."

Ta ce, "Wane tsayawa, ɗan nan? Rana ce ta ishe ni, na ga rigar nan taka ta yi inuwa." Ta yafito jami'in da sanda. "Kai, in ka rubuta ni a nan goge. Ni Alhaji na zo wa."

Ya kuwa goge, a gabana.

Babban taron a talabijin ɗin gidan Alhaji na kalle shi, daga bakin ƙofa. Har yau ina son gwanina, kuma ban daina mafarki ba. Amma yanzu ko limanci aka tura ni, sai na leƙa sahu kafin in tayar da kabbara.