Duwatsun Unguwar Ramuka

A wani daji da ƙafar maharbi ba ta taɓa takawa ba, akwai wani babban birni na dabbobi da ake kira Birnin Marke. Girmansa ya kai barewa ta tashi da hantsi daga ƙofar gabas, ba ta isa ta yamma sai la'asar. Masu ƙaho da masu kofato suna zaune a kan tudu, tsuntsaye suna bisa itatuwa, su kuwa ƙananan halittu, gafiyoyi da ɓeraye da jaɓa da bushiya, an bar musu kwari, wurin da ake ce wa Unguwar Ramuka. Su ne suka fi kowa yawa a birnin, kuma su ne ba a taɓa tambaya yaya suka kwana ba.

A unguwar nan akwai wata gafiya mai suna Tasalla, sana'arta haƙa rami. 'Ya'ya biyar ta haifa, uku suka rage mata. Biyun ruwa ne ya ci su a daminar bara, tana ji tana gani.

Ba wai ruwan ya fi na kullum yawa ba ne. Tun kaka da kakanni akwai magudanar da take kwashe ruwan sama daga kwarin ta kai shi kogi. Da Nagoma Dorina ya zama Magajin Gari, sai ya sa aka datse magudanar da laka da itace, ruwa ya taru, aka raɗa masa suna Tafkin Cigaba. Ya ce ado ne ga birni. Kowa kuwa ya san kogi ne ya yi masa nisa, yana son wurin wanka a ƙofar gida. Tun daga lokacin, duk ruwan da aka yi ba ya samun hanyar fita, sai ya juyo baya ya bi ramuka.

Bayan asarar bara, kowane gida a unguwar ya gangaro da dutse ya kafa a bakin raminsa, ya yaɓe gefe da yumɓu. Ba ya hana ruwa gaba ɗaya, amma yana tare shi har a samu a fitar da yara. Na Tasalla ja ne, ta karce shi da farce sau biyu, layi ɗaya don kowane ɗan da ta rasa.

Ana nan sai lokacin zaɓen Magajin Gari ya zo. A Birnin Marke sawu ake ƙirgawa. Ana gab da faɗuwar damina sai a shimfiɗa laka layi biyu a dandali, kowane ɗan takara ya tsaya a ƙarshen nasa layin, mai zaɓe ya bi ta kan lakar wanda yake so. In an gama, Burtu baturen zaɓe ya bi yana ƙirga sawu. Tsari ne mai kyau ƙwarai, in kai ɓauna ne. Mutanen Unguwar Ramuka kuwa sukan fito dubbai su bi laka, amma da yake ba su da nauyi, ko alama ba sa bari. Burtu ya duba, ya ɗaga kai ya ce, "Ni abin da idona ya gani nake ƙirgawa." Da haka Nagoma ya ci zaɓe sau biyu da sawun 'yan uwansa da abokan wankansa.

A bana sai ga wani ya fito takara, Mamuda Zalɓe, dogo siriri, kullum fes kamar wanda za shi ɗaurin aure. Ya yi abin da wani ɗan takara bai taɓa yi ba, ya sauko kwari da ƙafarsa. Ya tsaya a bakin ramin Tasalla, ya lanƙwasa dogon wuyansa ya leƙa, ya ga yaran uku. Ya tambayi dalilin karcen da ke jikin dutsen, aka gaya masa, sai ga hawaye.

"Yaya Tasalla," in ji shi, "yau na ji kunyar zama ɗan birnin nan. Jama'ar Unguwar Ramuka, ku saurare ni. Ku ne kuke sassauta ƙasar da ciyawar masu kofato take tsirowa, amma ku ake kwararo wa ruwa a ɗaka don wani ya jiƙa bayansa. Ni ban zo da gyaɗa in raba muku ba, kamar yadda wancan yake yi. Magana ɗaya na zo da ita. Ku ba ni kujerar nan, in ban fasa madatsar ba kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, ku fige ni gashi ɗaya-ɗaya a dandali."

Aka yi ta tafi da guɗa. Tasalla ba ta yi tafi ba, tana can tana tunanin yadda sawunsu zai fito. Ita mai aikin ƙasa ce, ta san laka ba ta amsa wa kowa sai mai nauyi. Da yamma ta tara 'yan unguwa ta ce kowa ya ciro dutsen bakin raminsa ya goya shi ranar zaɓe. Da dutse a baya, ko jaɓa sai ta nutse a laka.

Wata tsohuwar bushiya, Gwaggo Yalwa, wadda raminta yake kusa da nata, ta girgiza kai.

"'Yar nan, dutsen nan fa shi kaɗai ne tsakaninmu da ruwa. Kuma wannan mai dogon wuyan, kin taɓa tambaya me yake ci?"

"Gwaggo, ina ruwana da cikinsa? Ko ƙasa yake ci, in dai zai fasa madatsa. Yini ɗaya ne, da an gama mu maido da duwatsunmu."

Babu wanda ya san amsar tambayar Gwaggo, domin mutanen rami ba sa zuwa bakin tafki, tsoronsa suke yi. Tsohuwa ta koma raminta. Ranar zaɓe ita ma ta ɓamɓare nata dutsen, don kada a ce ita ta raba kan unguwa.

Wanda bai ga wannan rana ba, an yi ba shi. Tun da safe ɓauna da gwanki suka bi layin Nagoma, wasu suka zagaya ta bayan kuka suka sake bi, Burtu yana gyaran gashin fukafukinsa bai gani ba. Can sai ga Unguwar Ramuka ta ɓullo, layi ba iyaka, kowa da dutse a gadon baya, ana nishi ana tafiya. Tasalla ce a gaba da jan dutsenta, tana jin laka tana haɗiye ƙafafunta har gwiwa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa waiwayawa ta ga sawunta a dandali ba sai ranar, kuma ta yi kuka.

Burtu ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya nemi inda zai soke ya rasa. Kafin magariba ya yi shela da murya kamar ta mai zazzaɓi cewa Mamuda Zalɓe ne Magajin Garin Marke. Mutanen rami suka sauke duwatsunsu a ƙarshen layi, suka shiga rawa.

Washegari suka dawo ɗauka, suka tarar an kewaye tarin duwatsun da ƙaya, karnukan daji suna gadi. Aka ce musu Nagoma ya shigar da ƙara, don haka duwatsun sun zama kayan zaɓe, ba mai taɓa su sai an yanke hukunci. Bayan kwana huɗu aka ji Nagoma ya janye ƙara don zaman lafiyar birni. Suka koma dandali da murna, suka tarar da fili fayau, ko tsakuwa babu. A ranar kuma gabas ta fara yin baƙi.

Tasalla ta bar yaranta wurin Gwaggo ta tafi neman Magajin Gari. Aka ce ya mayar da ofishinsa bakin tafki. Ta danne tsoronta ta je. Kwana uku tana zarya, yau a ce yana ganawa da baƙi, gobe a ce ya shiga taro. A rana ta huɗu ta ratsa ta tsakanin ƙafafun masu gadi ta fito bakin ruwa.

Abin da ta fara gani Nagoma ne kwance a tsakiyar tafki, idanu a lumshe. Ashe an naɗa shi Shugaban Hukumar Kula da Tafki. Sannan ta ga madatsar. Ba a fasa ta ba, ƙara mata tsawo aka yi, an jera sababbin duwatsu reras an yaɓe da laka. A can sama, daidai tsakiya, ga wani jan dutse mai karce biyu.

Shi kuwa Mamuda Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ruwa. Tana kallo ya caka baki ya fito da kifi, ya ɗaga wuya ya haɗiye. Sai a lokacin Tasalla ta samu amsar tambayar Gwaggo.

"Ranka ya daɗe," ta ce cikin fushi, "wancan dutsena ne."

Ya karkato kai ya dube ta da ido ɗaya. "Baiwar Allah, daga wace unguwa?"

"Daga unguwar da ka yi wa kuka! Ni ce Yaya Tasalla, ko ka manta? Mun ɓalle ƙofofinmu mun goya a baya, mun bar 'ya'yanmu a rami buɗe, don sawunmu ya fito a lakarka. Tsofaffi sun ɗauka, masu ciki sun ɗauka. Ka ce kafin ɗigon farko. To ɗaga kai ka dubi gabas. Ban ce ka ji tausayina ba, na ga irin hawayenka. Ba ma sai ka fasa madatsa ba yau, ka ba mu duwatsunmu kawai mu rufe gidajenmu."

Zalɓe ya sauke ɗayar ƙafar, ya yi gyaran murya.

"Na ji kokenki, kuma gwamnatina ta kowa ce. Amma mulki daban, yaƙin neman zaɓe daban. Da muka shigo, masana sun nuna mana cewa matsalar tafkin nan ba yawan ruwa ba ce, ƙarancin tsari ne. Akwai rayuka a cikinsa da ya wajaba a kiyaye, ni da kaina nake duba lafiyarsu kullum. Duwatsun kuwa an same su yashe a filin gwamnati, saboda haka dukiyar birni ce, kuma ya kamata ku yi alfahari da gudummawar da unguwarku ta bayar. Batun ambaliya, za mu kafa kwamiti da zarar damina ta wuce. Jibi ne bikin buɗe sabuwar madatsa, ki gaya wa mutanenki su zo da wuri, an ware musu wurin tsayawa a baya."

Nagoma ya buɗe ido ɗaya ya yi hamma. Masu gadi suka tasa ƙeyar Tasalla.

Ba ta zage shi ba. Amma da za ta wuce ta gindin madatsar, ta tsaya ta sa farce ta ɗan ƙwaƙuli lakar ƙasa, ta shinshina. Aikin gaggawa ne, sama dutse, ƙasa ruɓaɓɓen itace da ɗanyar laka. Wanda ya yi kwangilar bai taɓa haƙa rami ba a rayuwarsa.

Da ta isa gida ta faɗa wa unguwa duk abin da ta gani, ba ta rage komai ba, har da cewa laifinta ne. Wasu suka fara Allah ya isa, wasu suka ce a kwashe yara a gudu, sai dai ba a san ina ba, tunda tudu na masu kofato ne. Gwaggo Yalwa ba ta ce na gaya miki ba. Ta dube ta kawai ta ce, "To 'yar nan, yanzu me ya rage mana?"

Tasalla ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna faratanta.

Ranar biki, tun da hantsi makaɗa suka cika bakin tafki. Manya suka zauna a inuwa, Zalɓe ya hau kan madatsa ya yi jawabi mai tsawo a kan haɗin kai. Wurin da aka ware wa Unguwar Ramuka ba kowa, kuma ba wanda ya lura. Mutanen rami suna ƙarƙashin ƙafafun Zalɓe, dubbai, kowa da raminsa, Tasalla tana gaba tana nuna inda za a bi. Ƙarar ganga ta rufe ƙarar haƙa. Da azahar suka fito ta gefen kwari, suka koma gida suka rungume 'ya'yansu.

Da la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tasalla tana zaune a bakin raminta da ba dutse, yaran uku a bayanta, tana kallon ruwa yana taruwa yana matsowa. Ya taɓa mata yatsu. Ya hau dunduniya. Ƙaramin ya fara kuka, ta ce a ranta shi ke nan, ita ce ta jawo musu mutuwa da hannunta. Sai aka ji wata ƙara daga wajen tafki, ƙasa ta girgiza. Ruwan da ke ƙafarta ya tsaya, sannan ya fara ja da baya, ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa kogi, da kifayen da komai.

An ce Magajin Gari ya sha da ƙyar, fukafukai ne suka cece shi. Shugaban Hukumar Kula da Tafki kuwa an same shi zaune cikin taɓo, ba tafkin da zai kula da shi. Bayan kwana biyu Tasalla ta tsinci jan dutsenta a cikin magudana, ta gangaro da shi gida ta kafa a inda yake.

A wannan karon ba a jira damina ta wuce ba, nan take aka kafa kwamitin gano waɗanda suka yi wa birni zagon ƙasa, aka ba Burtu shugabanci saboda ƙwarewarsa. Ya yi kwana bakwai yana zagaya lakar wurin, kai a sunkuye. A rahotonsa ya rubuta cewa ya duba ko'ina da idonsa, bai ga sawun kowa ba.