Rasuwar Inna Toka, Kwamfutar Cocin Safotu

Da zuciya mai nauyi, da idanun da suka yi ja don kuka da dariya, Fetu Aumua, makaɗin cocin Safotu, yana sanar da 'yan uwa na tsibiran Savai'i da Upolu rasuwar abokiyar aikinsa, Inna Toka, kwamfutar da ta yi shekara goma sha shida tana ba kibod ɗinsa na kiɗa murya. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan ta yi tari sau uku, ta saki wani siririn hayaƙi mai warin ƙonanniyar kwakwa.

Marigayiya mai tsari ce. Sautukanta suna zaune rumbu-rumbu, kowane da lambarsa, kuma tana fara ƙirga daga ɗaya kamar duk mai tarbiyya. Fetu ya haddace su fiye da sunayen jikokinsa. Ashirin kiɗan ogan na coci ne, 123 igiyar teku, 124 kukan tsuntsu, 127 tafi. Ba ta taɓa kunyata shi gaban Fasto ba, sai dai ranar da ƙadangare ya kwana a cikinta.

Amma dukiyarta ta gaske tana rumbu na tara, lamba biyar. Can ne muryar Sieni, matar Fetu, da ta riga mu gidan gaskiya shekara huɗu da suka wuce. Wata rana yana naɗar sauti ta leƙo daga madafa ta daka masa tsawa, kwamfuta ta kama. Tun bayan binne ta, kowace safiya sai ya danna biyar kafin ya sha koko.

Jinya ta yi tsawo. Iskar teku ta ci haƙarƙarinta, tururuwa suka yi gari a ƙarƙashin batirinta, daga baya ruwan kwakwa ya ƙarasa aikin.

Ta bar caja guda ɗaure da salatif, kibod mai maɓalli biyu da suka daina magana, lasifika mai mura, da ɗan filashi da aka kwashe rumbunan a ciki. Ta kuma bar magajiya, sabuwar kwamfuta daga birnin Auckland, fara fes, mai girman kai, wadda aka juye mata rumbunan.

Wajibi ne a faɗi abin da magajiyar nan ta yi ranar Lahadi, tunda duk ƙauyen ya riga ya sani. A wasan Nuhu da jirginsa, Fetu ya nemi teku, tsuntsu ya yi kuka. Ya nemi tsuntsu, waya ta hau ƙara, har dattawa uku suka shiga laluben aljihu. Da Fasto ya kammala wa'azi, Fetu ya danna 127 don tafi. Bindiga ta tashi. Fasto ya nutse bayan mumbari, matan mawaƙa suka zube da fararen hulunansu, kaji suka watse har bakin teku.

Fetu bai yi dariya ba. Ya ruga gida, ya kira rumbu na tara, lamba biyar. Fiyano ya ce "tin". Ya sake, "tin". Sai ya je ya zauna kan kabarin Sieni a ƙofar gida, ya ƙi cin gwaza, ya ce yau ta mutu masa karo na biyu.

Yayarsa Moevao, masaƙar tabarma, ita ta zo ta tsaya a kansa.

"Kai Fetu, tashi, ƙaton banza. Teku ta zama tsuntsu, tsuntsu ya zama waya, ba ka ga kowa ya matsa kujera ɗaya ba?"

"Yaya, ki bar ni. Ba saƙa ba ce wannan."

"Saƙa ce mana. Baƙuwar taka daga sifiri take fara ƙirga. Rage ɗaya, sakarai."

Ya danna huɗu. Lasifika ta yi gyaran murya, sai ga Sieni ta cika gidan: "Fetu! Rage wannan ƙarar, ka zo ka ci abinci!"

Ya faɗi ƙasa yana dariya, hawaye na zuba. Ranar ya ci gwaza bakwai.

Za a binne Inna Toka ranar Asabar da ƙarfe goma, a ƙofar gida, gefen Sieni, a naɗe cikin tabarmar da Moevao ta saƙa. A zo da fararen kaya. Akwai gasasshen alade, kuma kowane gida zai koma da kifin gwangwani. Fasto zai yi addu'a, bisa sharaɗin ba za a yi tafi ba.

Bayan an rufe ƙasa, Sieni ce za ta kira jama'a cin abinci. Iyali suna roƙon a yi haƙuri, a tsaya a wurin tukuna, domin Fetu ba zai danna sau ɗaya kawai ba.