Rasuwar Ɗan Gini, Mai Mataki Sittin da Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da nauyin abin da hannu ya jawo, iyalan Malam Mijinyawa magini na garin Kabo suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Gini, wanda ya bar duniyarsa ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyu da wata huɗu.

Ga wanda bai san marigayin ba, wani ɗan mutum ne mai kai kamar bulo, mazaunin wasan gine-gine a cikin tsohuwar kwamfutar da Zubaidatu ta kawo wa yayanta Mijinyawa lokacin da ya faɗo daga saman gini ya karye a cinya. Ɗori ya kama, ƙafa ta warke, amma aiki bai dawo ba. Shekarar ce fetur ya tashi, siminti ya bi bayansa, gidajen da aka fara daga Kabo har Gwarzo suka tsaya a linta. Mijinyawa ya rasa inda zai aza bulo a doron ƙasa, sai ya koma azawa da hannun Ɗan Gini.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da neman na kansa. Da diga ɗaya ya fara. Yakan shiga ramin haƙar ma'adini, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya fito da dutse da gawayi, ya yi arangama da dodannin kogo. Duk wahalar da ya sha, wani koren layi a ƙasan allo yakan ƙaru kaɗan. Idan ya cika, sai a ji wani ɗan sauti, tin, lamba ta ƙaru da ɗaya. Wannan shi ne mataki. Da guminsa ya kai sittin da uku, kuma Mijinyawa zai iya gaya maka ramin da kowanne ya fito. Bai taɓa sa maigidansa ya makara jam'i ba. Ana kiran salla zai tsaya cak, ko a bakin rami yake.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hannun Lukuman, mai gyaran waya a Gwarzo, wanda aka kai wa kwamfutar don ya canza mata batir. Ya ga lambar, ya yi murmushi.

"Baba, shekara biyu a kan sittin da uku? Akwai akwatin da ake buɗewa a rubuta umarni. Layi ɗaya ne, ka sa lambar da kake so, ta zauna."

Mijinyawa ya kwana uku yana juya maganar, sannan ya tafi wurin surukinsa Malam Badruddeen, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya ko haramun ne.

"Akwai caca a ciki?"

"Babu, Malam."

"Wa za ka cuta?"

"Babu kowa. Ni kaɗai ne a ciki."

Malam ya dube shi har Mijinyawa ya sunkuyar da kai. "Ban ga haramci ba," in ji shi. "Amma da ni ne, da ban taɓa ba."

Mijinyawa ya taɓa. Ranar Alhamis bayan azahar ya buɗe akwatin, ya rubuta dubu. Lamba ta zauna, ba rami, ba gumi. Da matakan ya ƙarfafa takobi da sulke, har dodo ya zama abin bugu ɗaya. Masu jinya sun shaida cewa daga ranar marigayin ya fara ramewa. Ya daina shiga kogo, domin babu abin nema. Yakan tsaya tsakiyar garin da ya gina, rana ta fito ta faɗi a kansa, Mijinyawa na zaune a zaure hannu a kan madannai, bai danna komai ba. Uwargida Halima Sa'adiya ce ta fara lura cewa ta yi sati ba ta ji tin ba.

An nemi magani. Lukuman ya nuna yadda ake ragewa, aka rubuta sittin da uku, lamba ta koma yadda take. Mijinyawa ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Wannan ba tawa ba ce. Kama ta yi da ita."

Ranar Talata ya ajiye ƙarfafan makamai, ya mai da marigayin rami da tsohuwar digarsa. Sai dai wanda ya yi wata bai ji tsoro ba ya manta takatsantsan. Ya haƙa ƙarƙashin ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba, ƙasa ta buɗe, ya faɗa tafkin wuta. Sautinsa na ƙarshe ƙaramin nishi ne, sau uku. Allo ya yi ja, lamba ta koma sifili.

Wasan yana ba da damar tashi a fara daga farko. Lukuman kuma ya aiko cewa layin nan zai dawo da komai kafin shayi ya huce. Mijinyawa ya ce a gode masa, a kuma gaya masa an yi rasuwa.

Marigayin ya bar masallaci mai hasumiya ɗaya da rabi, tumaki goma sha ɗaya a garke, da wata gada da ta tsaya a tsakiyar kogi. Ya bar Halima Sa'adiya, wadda ba ta taɓa ƙaunarsa ba amma ta zauna da shi lafiya domin ya hana mijinta zaman tagumi, ga shi yanzu tana tsoron abin da zai biyo baya. Ya bar Mijinyawa.

Malam Badruddeen ya ce irin wannan ba a yi masa wanka ko salla, kuma kada a ɗora masa addu'ar da ta dace da bayin Allah. Saboda haka za a goge duniyar tasa gaba ɗaya ranar Juma'a bayan la'asar, a zauren gidan, sannan Zubaidatu ta tafi da kwamfutar gidanta a Gammo. Gwaggon Mijinyawa ce za ta danna maɓallin gogewar, domin ita ba ta iya karatun boko ba, tambayar da allon zai yi, ko an tabbata, ba za ta sa ta fasa ba.

Ba a buƙatar abinci ko gudummawa. Roƙon iyalan ɗaya ne: masu ta'aziyya su riƙa zuwa bi da bi, kada a bar zauren babu kowa daga yau zuwa Juma'a. Gawar tana nan a kan tabarma, batir a cike, kuma Mijinyawa ya haddace layin.