Geron Makon Gaba

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Asabar a Limawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Dutse, ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci ba, intanet ma da ƙyar take jan ƙafa. A wani shagon intanet na sauko da wata manhaja ta kyauta, irin wadda masu ita suka bar ta a buɗe, kowa ya shiga ya gyara. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta farashin shekarun baya da dabararka ta saye da sayarwa, ta gaya maka da ka bi dabarar, riba za ka ci ko asara.

Wata uku ina ɗura mata farashin gero na kasuwannin Garki da Taura (har matata ta gaji da ɗumama min tuwo). Kullum asara take nuna min. Da na gaji, sai na shiga cikinta na sauya layi biyu na umarnin da take bi. Daga ranar, riba zalla.

Na kwashi takarduna sai ƙofar gidan surukina a Limawa, wanda ya tsufa a fataucin hatsi. Na same shi da abokansa bayan La'asar. So nake ya sayar da bijimansa biyu mu zuba a harkar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malam, ita na'urar yaya take gane ranar saye?"

Na gyara zama. "Baba, farashin makon gaba take dubawa. In ya fi na yau, sai ta saya."

Surukina ya dube ni ya sake tambaya.

"To mu da muke tsaye a kasuwa yau, wa zai gaya mana na makon gaba?"

Sai a lokacin na gane abin da layukan nan biyu suka yi: na ba ta amsa ne kafin jarrabawa. Wani dattijo ya rage murya ya ce, "In duba take yi, ka ɓoye ta. Ka san yanzu shari'a ake."

Kowa ya dara ban da surukina, kuma wannan ya fi min ciwo. Cewa kawai ya yi a kawo min fura. Na shanye ta kaina a sunkuye.

Har yau ina gwada dabaru a kwamfuta. Amma duk ranar da sakamako ya yi kyau fiye da kima, ba murna nake yi ba, kaina nake fara tuhuma.