Ranar da Na Shafa wa Kwamfutata Man Shanu

Har yau ban ga laifina sosai ba. Na sayi tsohuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wajen wani Ibo a kasuwar Birnin Kebbi. Daga manyan kwamfutocin kamfanoni aka ciro ta. Na ɗaura ta a tawa, na shiga saiti na ƙara mata gudu fiye da yadda maƙeranta suka yarda. Ɗan kawuna Bashar zai zo daga Argungu mu kara a wasan ƙwallo na kwamfuta, kuma ya riga ya gaya wa kowa wai bola na tara, ko tashi ba za ta yi ba.

Matsala ɗaya ce, farin man da ake shafa wa furosesa don rage zafi ya ƙare. Na yi tunani irin na manyan injiniyoyi: mai ai mai ne. Na lakato man shanun Inna na shafe ta tas.

Kwamfuta ta tashi kamar sabon babur. Da Bashar ya iso muka fara wasa, na zura masa ƙwallo ɗaya, biyu, uku, abokanmu da suka zo kallo suna ta ihu. Can ƙamshi ya cika ɗakin, Inna ta leƙo.

"Wa ka suya nan bai kira ni ba?"

Bashar ya shinshina akwatin kwamfutar. "Inna, injin ɗanki na. Albasa ɗai ta rage."

Ta huɗu na shiga raga, allo ya yi baƙi. Amma huɗu da nema ne, kowa shaida.

Yanzu duk unguwarmu ta Gwadangaji Injiniya Mai Suya ake kirana. Bashar kuwa ba ya zuwa sai da ɗanyen kifi a leda, ya ɗora kan kwamfutar, ya ce in kula kada ya ƙone.