Ranar Da Kujerar Iya Ta Zama Biyu

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗauki kayan ɗakin Dije ba, ranar da matan unguwarmu a Maska suka ga ƙato da gemunsa ya durƙusa a tsakar gida yana shinshina kujerar mata. Ni ne ƙaton. Ku yi dariyarku (kowa ma ya yi), amma ku bari in faɗa muku yadda na kai kaina can.

Sassaƙa gadonmu ce. Babana ya yi ta sarar turmi da taɓarya da akushi har bayansa ya lanƙwashe, bai taɓa yabon kansa ba. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu, ya kuma haɗa mini da baki. A lokacin gani nake daga Maska har Malumfashi babu mai riƙe gizago kamata, kuma ba na jiran a tambaye ni kafin in faɗa. Fatake masu zuwa Gwanja ma in sun yada zango a bayan ganuwa sai na je na ba su labarin kaina, wai ko za su tafi da shi gaba.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, tana da wata 'yar kujera ta maɗaci, irin gajerun nan da mata ke zama a kai wajen girki da kaɗi. Da ita mahaifiyarta ta zo daga Musawa lokacin da aka kawo ta amarya. Gungume guda aka fafe, ƙafafu huɗu, gefenta ya sha zanen wuta, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi saboda shekaru. Duk gidan babu mai hawanta. Yaro in ya kuskura ya ɗora gindinsa, mazari zai ji a tsakiyar ka.

Da aka sa ranar auren Dije, 'yar Kawu Tanko marini, sai yarinya ta kafe ita kujerar Iya take so a kayan ɗakinta. Iya ta ce sai dai in gawarta za a ɗauka tare. Kawu ya rasa yadda zai yi, ga uwa ga 'ya, sai ya same ni a bakin aiki da hannayensa shuɗi har gwiwa.

"Ɗana, ko za ka sassaƙo mana irinta, mu huta?"

Ku lura da kyau, irinta ya ce. Bai ce in haifo mata tagwai ba.

Sai da Kawu ya yi ta lallashi kafin Iya ta yarda a ara mini. Da na je ɗauka ta riƙe ƙafa ɗaya na riƙe ɗaya.

"Kai, mijin banza," in ji ta (wasan jika da kaka ke nan, har ta rasu haka take kirana), "in ko ƙwarzane na gani a jikinta, na sake ka."

"Haba amarya," na ce, "ai sai kin rasa gane taki."

Da wasa na faɗa. Amma tun kafin in kai gida maganar ta zauna mini a rai.

Na samo wani maɗaci da ya daɗe da faɗuwa a hanyar Danja, ya bushe sarai. Na auna tsohuwar kujerar da zare, tsawo da faɗi da kaurin kowace ƙafa. Na fasa da gatari, na fafe da gizago, na bi da wuƙa, na goge da yashi da ganye mai kaushi har hannuna ya yi kanta. Zanen gefen kuwa, sai da na sa maƙeri ya ƙera mini ƙarfe mai baki daidai da na tsohon gwanin da ya sassaƙa ta Iya, na riƙa sa shi a wuta ina ɗorawa layi bayan layi. Akwai inda hannun mutumin ya goce, layi ya karkace kaɗan. Ni ma na karkatar da nawa a daidai wurin. A nan fa na fara jin girman mutumin da ban taɓa gani ba, don sai da na bi sawun hannunsa na gane yadda yake juya ƙarfe a lungu ba tare da ya ƙona itace ba.

Da na tsaya a nan, da an yi biki lafiya. Sabuwar kujera ce ja mai kyau, kowace amarya za ta yi murna da ita. Amma da na ajiye ta kusa da tsohuwar sai na ga kamar yarinya kusa da kakarta, raina ya ƙi. Na rataye ta a saman murhu ta yi ta shan hayaƙi. Na kwaɓa man kaɗe da kunkunniya na yi ta murza mata, in shanya, in ƙara. Na sa dutse na cinye tsakiyarta har ta yi ɗan kwarin nan da zama ke yi. Na yi mata sawun wuƙa a inda ake yanka kuɓewa, na sa garwashi na lashe mata ƙafa ɗaya kamar yadda wuta ta taɓa lasar waccan. Har ƙarƙashinta, inda ba mai dubawa, na bi na tsufar. Duk wannan lokacin Iya tana zaune a tabarma tana aiko mini da zagi, ni kuwa ina cewa a gaya mata aiki mai kyau ba ya son gaggawa.

Ranar ɗaukar kaya gidan Kawu ya cika da mata. An baza ƙorai da akusa da tukwane da faifai a tsakar gida, ana ɗaurewa, masu ɗauka suna zaure suna jira don a kai Danja, garin angon, kafin rana ta yi ƙasa. Na shigo da babbar rigata, kujeru biyu a lulluɓe da zane, ina tafe kamar wanda aka yi wa naɗi. Na ajiye a gaban Iya na yaye.

Nan take guɗa ta tashi. Wallahi har yau in na tuna guɗar nan sai in ji daɗi ya ratsa ni. Mata suka yi caa, wannan ta shafa, waccan ta ɗaga.

Na san tawa ce a hannun dama, don ni na ajiye. Da na miƙa wa Iya ta hagu na koma gefe, da na fita da girmana. Amma guɗa ta hau mini ka.

"Gwaggo Kande," na ce wa matar Kawu, "zan juya baya. Ki jujjuya su yadda kika ga dama. Ni ko a duhu na san aikina."

Na juya, na harɗe hannuwa. Gwaggo Kande kuwa ba ta yi mini da sauƙi ba, ina jin ƙarar ƙafafun kujeru a ƙasa, mata suna ta kyarkyata. Da na waiwayo na ce Iya ta fara zaɓa. Ta shafa wannan, ta shafa waccan. Ta zauna a ɗaya, ta tashi, ta zauna a ɗayar. Ana ta dariya, ita ma da farko tana yi. Can sai na ga fuskarta ta sauya.

"To, wasa ya isa haka," ta ce a hankali. "Ba ni kujerar innata."

Na sunkuya da murmushina. Na dubi ta dama, na dubi ta hagu. Karkataccen layi yana nan a duka biyun. Ƙunar ƙafa tana nan a duka biyun. Sai a lokacin na tuna ban taɓa gwada kaina ba, kullum da wurin ajiya nake gane su.

Na ɗaga su don in ji nauyi, ɗaya ne. Na ƙwanƙwasa, amo ɗaya. Na dubi Gwaggo Kande, ta watsa hannu ta ce ita juyawa aka ce ta yi, ba a ce ta riƙe lissafi ba. Sai wata dabara ta zo mini, cewa sabon maɗaci yana da ɗan ƙamshinsa. Ban tsaya tunani ba (ina ma na tsaya), na durƙusa, na kafa hancina a tsakiyar kujera, daidai inda ake zama, na ja numfashi. Na rarrafa na yi wa ɗayar haka.

Gidan ya fashe. Wata ta faɗi a kan faifai, wata tana riƙe da ciki tana cewa a taimake ta. Wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Yo Malam, me ka jiyo? A faɗa mana mu ma!" Ni kuwa ban jiyo komai ba sai hayaƙi da man kaɗe, a duka biyun.

Iya kaɗai ce ba ta dariya. Idonta ya cicciko, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Kunyar dariyar mata ba ta kai rabin wannan ba.

Kawu ya leƙo ya ce to a bar su duka a gida, a kai wa Dije wata daga baya.

"A bar su," in ji Iya, "in zauna har in mutu ban san a kan wacce nake ba?"

Na ce hanya ɗaya ce ta rage. Tsufan da na yi wa tawa a fata ya tsaya. In aka ɗan yanki ƙarƙashinta za a ga ja, tsohuwar kuwa maiƙo da shekaru sun ratsa ta har ciki. Matsalar ita ce sai an yanka za a sani, kuma ban san wacce zan yanka ba.

"Tun da wanda ya sassaƙa ta ya ajiye gizagonsa, ƙarfen masassaƙi bai ƙara taɓa ta ba," ta ce. "Yanka. In ka yanki ta innata, kada ka ƙara sa hannu a tuwona."

Babu mai dariya yanzu. Na zaro wuƙa. Na kifa su duka biyun. Ba zan yi muku ƙarya in ce na ga wata alama ba, ban ga komai ba. Na yi bisimilla, na kama ta kusa da gwiwata, na ɗauke ɗan ɓallin da bai fi farce ba.

Ja ne. Ja mai haske, sabo fil.

Ban san lokacin da na yi tsalle na kwarara kabbara ba, har hulata ta faɗa cikin tukunya. Guɗar da ta tashi ta fi ta farko. Iya ta fizge ɗayar ta rungume a ƙirji, ta share ido da gefen zane, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Hannu dai akwai," ta ce. "Hankalin ne aka manta ba a fafe ba."

Aka ɗaura ta Dije a kan kaya, aka tafi Danja. Kafin mako ya zagayo labari ya riga ni shiga kasuwanni, cewa akwai masassaƙi a Maska wanda in ya kwaikwayi abu shi kansa ba ya ganewa. Abin da na yi shekaru ina roƙon fatake su kai mini, matan nan suka kai shi kyauta. Daga Musawa, daga Malumfashi, aka riƙa kawo mini tsagaggen akushin kaka da karyayyar kujerar uwa a yi musu irinsu, har na daina sarar turmi. Sai dai labarin bai taɓa tafiya shi kaɗai ba, kullum da batun hancin yake tafe, kuma har gemuna ya yi fari in na shiga gida sai wata ta ce, "Ku ɓoye kujeru, ga Malam nan."

Abin da na koya shi ne, duk abin da zan kwaikwaya, kafin in sa masa hayaƙi sai na yi masa ɗan yankan nan a ƙarƙashi, kuma in guɗa ta tashi sai in kama bakina in nemi ƙofa. Iya kuwa ta ci gaba da ba ni tuwo, har da ƙarin man shanu. Amma daga ranar, duk lokacin da ta ji sallamata, sai ta jawo kujerarta ta zauna daram, kuma ba ta tashi sai na fita daga gidan.