Rasuwar Mai Gurnani, Hedifon Mas'udu na Bakolori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mas'udu Ɗantala, manomin albasa a Bakolori, mazaunin Talata Mafara, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hedifon ɗinsa, wanda aka fi sani da Mai Gurnani. Marigayin ya cika ranar Larabar da ta wuce da hantsi, a bakin kanal ɗin ban ruwa, bayan jinyar wata biyu. Ya rasu yana da shekara uku a kan Mas'udu.

Masu son sanin asalinsa su sani cewa ba da ka aka zaɓe shi ba. Wata ranar kasuwar Talata, Mas'udu ya sa mai kayan waya ya jera masa hedifon uku, ya kunna musu waƙar rawa guda ɗaya don kada wani ya ce an zalunce shi. Na farko, wani fari mai ƙyalli, ya yi ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara. Muryar mawaƙi tar, amma ganga ta ɓace. Na biyu ya fara da alamun arziki, ana ƙara masa murya ya shiga tari da burari. Sai aka ɗora na uku, wani baƙi marar kyan gani. Bes ɗinsa, wato nauyin gangar nan da ke sauka a ƙirji tun kafin kunne ya ba da labari, ya fito a natse: dum, dum-dum, dum. Bai danne kalangu ba, bai cinye muryar mawaƙi ba, kowa yana zaune a wurinsa. Mas'udu bai ankara ba sai ga kafaɗunsa suna motsi a tsakiyar kasuwa, a gaban ƙanen surukinsa, abin kunyar da har yanzu ba a gama maganarsa ba.

Marigayi ya yi zamani da manya, kuma bai taɓa faɗuwa ba. An gwada shi da hedifon Misbahu na Bakura, mai hayaniya kamar injin niƙa, wanda ya ɗauka ƙara ita ce daɗi. An gwada shi da na Mukhtar na Maradun, marar waya, mai tsabtar murya, amma gangarsa ba nauyi, kuma cajinsa kan ƙare daidai lokacin da rawa ta fara daɗi. Duk wanda ya ara Mai Gurnani, sai an bi shi har gida kafin ya mayar.

Amma babban aikin marigayi ba rawa ba ne, kuma Mas'udu ba ya jin kunyar faɗa. Shi mutumin Gidan Goga ne. Ya baro can da matarsa Na'ima da abin da hannu zai iya ɗauka, bayan wata safiya da ya ji ƙarar babura ta cika gari, ya kuma ji abin da ya biyo bayanta. Tun daga ranar, ko ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayansa sai fartanya ta sulluɓe daga hannunsa. Mai Gurnani ne ya mayar da shi gona. Da zarar soson hedifon ya rufe kunnuwansa, ganga ta sauka, sai duniya ta tsaya iyakar kunyar albasar da ke gabansa.

Manoman ɓangarensu suna da wata al'ada da tsoro ya koya musu. Lokaci zuwa lokaci, dattijon wurin, Baba Tukur, yakan ɗaga hularsa sama, sai kowa ya kashe injin ban ruwansa a tsaya cak a saurari daji. Idan ba a ji komai ba, a tayar da injina a ci gaba. Mas'udu bai taɓa saɓa wa wannan doka ba. Yana ganin hula zai kashe injinsa, ya tsaya ya karkata kai, ya ɗaure fuska irin ta mai sauraro, alhali kalangu ne ke zuba a kwanyarsa. Shekara uku yana wannan gadi na ƙarya.

Baba Tukur ya sha ce masa, "Kai Mas'udu, hidda abin ga daga kunnenka. Wurin ga ba wurin kiɗi ba na."

Shi kuwa sai ya russuna ya ce, "To Baba, in Allah ya so," ya ƙara murya kaɗan.

Rashin lafiyar ta fara ne daga kunnen hagu. Da farko ɗan kakari ne, kirr, kirr, sai an murza wayar kusa da wuya ya farfaɗo. Aka naɗe shi da baƙin salatif, aka kai shi wurin mai gyara, mai gyara ya duba ya girgiza kai. Ya kai sai Mas'udu ya langaɓar da wuya gefe guda kafin kiɗa ya zo, har mutane suka fara yi masa sannu. Daga baya kunnen hagu ya yi shiru gaba ɗaya, na dama ya ci gaba da gurnani shi kaɗai. Mas'udu ya yi baƙin cikin wannan nakasa ƙwarai, don ta wannan kunne yake jin duk abin da ba ya so ya ji.

Ta nan kuwa ya ji muryar Baba Tukur ranar Laraba. Yana sunkuye, ya ba dattijon baya, bai ga hula ba, bai ga kowa ba. Kunnen dama na cewa dum, dum-dum, na hagu kuma ya ɗauko ihu daga nesa: "Ga su nan tahe! Ku sheƙa!" Ƙarƙashin ihun kuma akwai ƙarar da ya sani tun Gidan Goga. Ya zabura, wayar marigayi ta maƙale a hannun inji, ta tsinke, hedifon ya fizge daga kansa ya faɗa kanal. Kalmarsa ta ƙarshe, in ji Mas'udu, ita ce rabin dum.

Sun kwanta cikin ciyawar bakin ruwa su shida, laka har baki. Baburan suka bi ta hanyar ƙetare, kowanne da mutum uku da bindiga, ba su tsaya ba. Mas'udu ya ce ya ji komai, har da haƙoransa suna haɗuwa. Sai bayan azahar Baba Tukur ya sa sanda ya tsamo gawar.

Marigayi ya bar wayar salula guda mai fasasshen gilashi, wadda yanzu take waƙa da ƙaramar muryarta ba mai kula ta; da katin waƙoƙi cike da kiɗe-kiɗen da ba wanda zai ƙara fitar da haƙƙinsu; da soson kunne biyu, ɗaya ya yage. Ya bar Na'ima, wadda ba su taɓa shiri ba, don sai ta kira mijinta sau uku kafin ya waiwayo, amma da ta ji labarin ta karɓi gawar da hannu biyu ta goge mata laka da bakin zaninta. Ya bar Mas'udu da kunnuwa biyu a buɗe, da albasar da rabonta da ruwa tun Laraba, ganyenta ya fara kwanciya. Sau biyu yana fita da niyyar gona, sau biyu yana juyowa daga bakin gari.

Ana godiya ga masu ta'aziyya, musamman Misbahu, da ya taso daga Bakura da nasa hedifon ya ce a riƙe kafin a samu wani. Mas'udu ya karɓa, ya ɗora a kai, ya saurara, ya cire ya miƙa masa.

"Mi ya hwaru? Bes ɗin ne bai yi ma ba?" in ji Misbahu.

Mas'udu ya ce, "Bes ɗin dama bai taɓa yi ba. Amma ba shi na ba. Naka duka kunnuwan lahiya lau suke, ba ni jin komi a waje."

Za a binne marigayi ranar Asabar, bayan rana ta fito sosai, a kusurwar gonar albasar Mas'udu, gabas da inda ake ajiye inji. Liman ya riga ya ce ba ruwansa, don haka ba salla, ba zaman makoki, ba a kuma buƙatar gudunmawar komai. Za a haɗu a ƙofar gidan Mas'udu a tafi tare, a ƙafa. Ramin bai fi tafin hannu biyu ba, ba zai ɗauki lokaci ba. Sai dai mai makokin yana roƙon duk wanda ya halarta, don Allah, idan an gama rufe ƙasa kada ya yi saurin tafiya. Ya ɗan tsaya a bakin gonar, inda Mas'udu zai iya ganinsa, har ya gama ban ruwa.